Ƙwaron shekarar 2000: yadda Yamai ta tsallake daren da aka ce kwamfutoci za su rikice



Duk wanda ya mallaki hankalinsa a 1999 zai tuna da wata magana da ta cika gidajen rediyo a watannin ƙarshe na shekarar. An ce da zarar sha biyun dare ta buga ranar 31 ga Disamba, kwamfutocin duniya za su rikice, jiragen sama su faɗo, wuta ta ɗauke, kuɗin mutane su ɓace a banki. Masu jin Faransanci suna cewa "bogue de l'an 2000", masu jin Ingilishi suna cewa Y2K. Da Hausa sai mu ce ƙwaron shekarar 2000. Dare ya yi, gari ya waye, ba jirgin da ya faɗo. Tun daga nan mutane da yawa suka ɗauki zancen a matsayin ƙanzon kurege.

Matsalar kuwa gaskiya ce, kuma an yi aiki kafin a tsallake ta. Dalilin da ya sa muka tono zancen yau shi ne: a wancan lokaci ɗan ƙauye ba shi da abin da ya rataya a wuyan kwamfuta, yau kuwa kuɗin cefanen gidansa ta cikinta suke biyowa. Ga kuma wata rana irin wannan tana tafe a 2038.

Mene ne ainihin matsalar?

Ku dubi mai shago da littafin bashinsa. Idan zai rubuta kwanan wata, sau da yawa ba ya wahalar da kansa da rubuta 1998, sai ya sa 98 kawai. Shekara ta kewayo ya sa 99. Wadda ta biyo baya ya sa 00. Shi mutum ne, ya san 00 ɗin nan 2000 take nufi, kuma tana gaba da 99.

Kwamfuta ba ta da wannan wayon. Abin da aka gaya mata kawai take bi. Tsofaffin manhajoji an rubuta su ne a kan cewa kowace shekara da 19 take farawa, lambobi biyu na ƙarshe kaɗai ake ajiyewa. Saboda haka idan ta ga 00, sai ta ɗauka 1900 ce. Kamar agogon kilomita na babur ne: in ya cika 99999 sai ya koma 00000, wanda bai sani ba ya zaci babur sabo ne dal.

Ga abin da hakan zai haifar. Ma'aikacin da aka haifa a 1945, a shekarar 1999 kwamfuta za ta cire 45 daga 99, ta samu shekara 54. Daidai ne. A 2000 kuwa za ta cire 45 daga 00, ta ce saura shekara 45 a haife shi. To wanda ba a haifa ba, wa zai biya shi albashi, balle a yi masa lissafin ritaya? Haka ɗan kasuwar da ya ci bashin banki a 1998 zai biya a 2001: wurin kwamfuta, 01 ta riga 98 da shekara 97. Haka kwalin maganin da aka rubuta zai lalace a 02: sai ta ce ya lalace tun 1902, a zubar.

Akwai ma ƙarin tarko. Fabrairu tana yin kwana 29 duk bayan shekara huɗu, amma shekarun cikon ɗari ba sa samun wannan rana sai wadda za a iya rabawa da 400. Shekarar 1900 ba ta da 29 ga Fabrairu, 2000 tana da ita. Masu rubuta manhaja da yawa rabin ƙa'idar suka sani.

Me ya sa aka yi wannan ganganci tun farko?

Tsada ce ta jawo. A shekarun 1960 da 1970 wurin ajiyar bayani a cikin kwamfuta yana da tsadar gaske. Ana shigar da bayanai ne ta wani kati mai huji-huji wanda ba ya ɗaukar fiye da harafi 80. A cikin 80 ɗin nan za a cusa suna, lambar ma'aikaci, albashi da ranar haihuwa. Rage lamba biyu a kowane kwanan wata, a takardun mutum miliyoyi, ba ƙaramin tsimi ba ne. Masu aikin kuma ba su zaci manhajar da suka rubuta da harshen COBOL za ta kai shekara 30 ana amfani da ita ba.

An yi gargaɗi da wuri. Wani masani Ba'amurke, Bob Bemer, ya ja hankali tun farkon shekarun 1970, ba wanda ya kula. Sai a 1993, da Peter de Jager na ƙasar Kanada ya fitar da wata maƙala a mujallar Computerworld, manyan kamfanoni suka fara farga. Daga nan zuwa 2000 saura shekara bakwai ke nan, kuma ranar ba ta ɗaguwa.

Me ya haɗa unguwar Plateau da wannan zance?

Ga wanda bai san Yamai ba, Plateau ita ce unguwar da ke kan tudu, saman kogin Kwara, inda Turawan mulkin mallaka suka kafa barikinsu bayan an ɗauke babban birni daga Damagaram a 1926. Nan fadar shugaban ƙasa take, nan yawancin ma'aikatun ministoci suke, da babban asibitin ƙasa, da hedikwatar NIGELEC. Manyan bankuna da reshen babban banki na BCEAO duk suna nan kewaye.

A 1999 Nijar tana da mutum wajen miliyan 10 da ɗoriya, amma layukan tarho na ƙasar duka ba su wuce kimanin 20,000 ba. Intanet bai daɗe da shigowa ta hannun SONITEL ba. Salula irin wadda ke aljihun kowa yau sai a 2001 ta fara, da zuwan Celtel. Ke nan 'yan kwamfutocin da ƙasar ke da su, mafi yawansu suna cikin ofisoshin Plateau da maƙwabtanta.

Ba su da yawa, amma abin da ke cikinsu yana da nauyi. Jerin sunayen ma'aikatan gwamnati da albashinsu, daga malamin makaranta a Tasawa har zuwa malamin asibiti a Ngigmi, yana ofishin albashi na ma'aikatar kuɗi. Lissafin baitulmali da na haraji yana nan. Fanshon ma'aikatan kamfanoni yana CNSS. Duwan, wadda ke kawo kaso mai tsoka na kuɗin shigar gwamnati, tana amfani da manhajar SYDONIA da hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙera. Kowa ya san albashi ɗaya a Nijar ba baki ɗaya yake ciyarwa ba. In lissafin albashi ya rikice a Plateau, sai an ji a jika har ƙauyen da ba a taɓa ganin kwamfuta ba.

A wane hali gwamnati take a lokacin?

A gaskiya 1999 ba shekarar da Nijar ke da sukunin tunanin kwamfuta ba ce. Ranar 9 ga Afrilu aka kashe shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin Yamai. Kwamanda Dauda Malam Wanke ya karɓi mulki. Manyan masu ba da tallafi suka dakatar da taimako. Ma'aikata suna bin gwamnati bashin albashi na watanni. A jerin ci gaban al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya na wannan shekara, Nijar ce ta 173 cikin ƙasashe 174.

A cikin wata tara aka yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki ranar 18 ga Yuli, aka yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 17 ga Oktoba, aka yi na biyu ranar 24 ga Nuwamba tsakanin Tanja Mamadu da Mahamadu Isufu. An rantsar da Tanja ranar 22 ga Disamba, saura kwana tara ke nan a kai ga daren da ake tsoro. Gwamnatin faraminista Hama Amadu ma sai a farkon Janairun 2000 aka kafa ta.

Saboda haka nauyin ya faɗo ne a kan ma'aikatan da ba a jin sunansu a rediyo: injiniyoyi da masu kula da kwamfuta a ma'aikatu, bankuna da kamfanonin gwamnati. Aikinsu ya fi na takwarorinsu na Turai wuya ta wasu fuskoki. Kwamfutocin ofisoshin Afirka da yawa tsofaffi ne, wasu na hannu. Wasu manhajojin wani shirin tallafi ne ya kawo su, shirin ya ƙare, ƙwararren da ya rubuta su ya koma ƙasarsu da sirrinsa. Wasu kuma kwafi ne da ba a saya ba, ba kamfanin da za a kira a ce ya zo ya gyara.

Taimako ya zo daga waje, don manyan ƙasashe sun gane cewa tarho, banki da jirgin sama sarƙa ce: in mahaɗi ɗaya ya tsinke, sai kowa ya ji. A Disambar 1998 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara wakilan ƙasashe fiye da 120 a New York kan wannan batu kaɗai, ta sake tara fiye da 170 a Yunin 1999. A Fabrairun 1999 aka buɗe cibiyar haɗin gwiwa ta duniya a Washington ƙarƙashin Bruce McConnell, don kowace ƙasa ta riƙa ba da rahoton inda ta kwana. Bankin Duniya, ta shirinsa na infoDev, ya ware tallafi don ƙasashe matalauta su tsara shirinsu.

Yaya ake yin gyaran?

Ko a Washington ko a Yamai, matakan iri ɗaya ne.

Na farko, ƙidaya. A bi ofis-ofis a rubuta duk abin da ke da agogo a cikinsa. Ba kwamfutar kan tebur kaɗai ba: na'urar haɗa layukan tarho, injinan asibiti, na'urorin sarrafa wuta da ruwa, duk suna iya ɓoye kwanan wata.

Na biyu, tantancewa. Tunda kuɗi ba za su isa a gyara komai ba, sai a fara da abin da in ya tsaya rai ko abinci zai shiga haɗari.

Na uku, gyara. Hanya mafi inganci ita ce a mayar da shekara lamba huɗu a ko'ina, amma tana cin lokaci da kuɗi. Hanya ta biyu dabara ce: a gaya wa kwamfuta cewa daga 00 zuwa 29, misali, ta ɗauka 2000 ake nufi, daga 30 zuwa 99 kuma 1900. Wannan ta fi araha, sai dai tura matsalar gaba kawai aka yi. Hanya ta uku, a jefar da tsohuwar na'ura a sayi sabuwa.

Na huɗu, gwaji. A ware rana, a tura agogon na'ura zuwa 31 ga Disamba saura minti kaɗan sha biyu, a zuba ido. Tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa a irin wannan gwaji sai su farka a 1900 ko 1980.

Na biyar, shirin ko-ta-kwana. A buga jerin albashi da lissafin asusu a takarda a ajiye, a cika tankin janareto da gas, a tsara waɗanda za su kwana a ofis. A nan ƙasashe irin namu suna da wata riba: ba mu daɗe da barin aiki da hannu ba. Rajista, biro da hatimi suna nan a kan tebur, kuma akwai waɗanda suka iya aiki da su.

Banki, jirgi, wuta da tarho

Bankunan Yamai na lokacin, irin su SONIBANK, BIA da Bank of Africa, ba su da zaɓi. Suna ƙarƙashin BCEAO mai hedikwata a Dakar, wanda Charles Konan Banny ke shugabanta, kuma kuɗin da ke fita waje ko shigowa yana bi ta hanyar sadarwar bankuna ta SWIFT, wadda ta buƙaci masu amfani da ita su yi gwaji. Ba su ma daɗe da gama wani aikin ba: ranar 1 ga Janairun 1999 aka ɗaure sefa da kuɗin yuro a kan 655.957. Babban abin da bankunan duniya suka fi tsoro ba na'ura ba ce, jama'a ne. In kowa ya ruga ya kwashe ajiyarsa rana ɗaya, banki lafiyayye ma sai ya durƙushe. Shi ya sa manyan bankunan ƙasashe suka tanadi ƙarin takardun kuɗi. Na Amurka kaɗai ya sa an buga ƙarin dala biliyan 50.

Sararin samaniyar Nijar kuwa babbar hanya ce ta jiragen da ke tashi daga Turai zuwa tsakiya da kudancin Afirka. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke yi musu jagora daga cibiyarta ta Yamai, kuma a Yamai ɗin makarantarta ta EAMAC take. Hukumar jiragen sama ta duniya ta buƙaci kowace ƙasa ta bayyana matsayin shirinta tun tsakiyar 1999. Wani abin lura: jirage da agogon GMT suke aiki, don haka su shekararsu sai ƙarfe ɗaya na dare agogon Nijar ta juya.

Wuta ita ce ta fi nuna cewa shirin mutum ɗaya bai isa ba. A lokacin, yawancin wutar Yamai daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi da aka ja tun 1976 daga madatsar Kainji. Maradi da Damagaram suna sha ta layin Katsina zuwa Gazawa. Ko da NIGELEC ta gyara nata tsaf, idonta yana kan NEPA. A arewa kuma, a lokacin tashar gawayi ta SONICHAR ce ke ba ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan wuta. Haka kaya a lokacin: shinkafa, sukari da man fetur sai sun ratso tashoshin ruwa na Kwatano ko Lome kafin su iso Nijar. In kwamfutar tashar ruwa ta tsaya, sai farashi ya motsa a Babbar Kasuwa.

Daren Juma'a wayewar Asabar

Ranar 31 ga Disambar 1999 Juma'a ce, kuma ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumin shekarar Hijira ta 1420. Ana cikin ɗari. Hankalin yawancin mutane yana kan asham, tahajjud da ɗinkin sallah. 'Yan'uwanmu na Abijan kuma suna da abin da ya fi kwamfuta damunsu, don mako guda kafin nan, ranar 24 ga Disamba, sojoji suka kifar da Henri Konan Bédié, Janar Robert Guéï ya hau.

Masu gadin na'urori sun samu wata sa'a: rana daga gabas take fitowa. Da ƙarfe 12 na rana agogon Nijar, kafin a tafi masallacin Juma'a, New Zealand ta riga ta shiga 2000, kuma wutarta tana nan. Da la'asar, ƙarfe 4, Japan ta shiga. Ƙarfe 10 na dare Saudiyya da Mosko suka shiga. A jihar Colorado ta Amurka, hafsoshin Amurka da na Rasha suna zaune ɗaki ɗaya suna kallon allo, don kada na'ura ta yi ƙaryar an harbo makami wani ya rama. Kafin sha biyu ta buga a Yamai, tare da Legas da Paris, an riga an san duniya ba za ta tashi ba. Tarho ya ci gaba da aiki, jirage suka ci gaba da ratsawa, aka koma ofis a makon farko na Janairu, aka yi sallah lafiya.

Amma ba a ce ba a samu tangarɗa ko'ina ba. Wata tashar ƙasa da ke karɓar hotunan taurarin leƙen asirin Amurka ta samu matsala ta 'yan kwanaki. A Japan, na'urar auna tururin nukiliya ta wata tasha ta daina aiki na ɗan lokaci. Shafin hukumar hasashen yanayi ta Faransa ya nuna shekara 19100. Mafi muni, a wani asibiti a birnin Sheffield na Ingila kwamfuta ta yi kuskuren lissafin shekarun mata masu juna biyu, aka ba mata 154 sakamakon gwaji na kuskure, ba a gano ba sai bayan watanni. Wannan ya nuna irin ɓarnar da ƙwaron ke yi: a ɓoye, cikin lissafi, ba da ƙara ba.

To, an zubar da kuɗi a banza ke nan?

Har yau ana gardama. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne duniya ta kashe dalar Amurka biliyan 300, ko miliyar 300 kamar yadda muke cewa, Amurka kaɗai wajen 100. A lokacin, duk abin da Nijar ke samarwa a shekara bai kai dala biliyan 3 ba. Masu suka suna cewa ƙasashe irin su Italiya da Rasha ba su kashe abin a zo a gani ba, kuma ba abin da ya same su. Suna cewa masu sayar da na'urori ne suka zuzuta tsoron. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don an yi ciniki sosai da fargabar mutane.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa: bankuna da kamfanonin da suka yi gwaji tun 1997 da 1998 sun ga manhajojinsu suna faɗuwa da idonsu, suka gyara. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin tarho da manhajojin banki kuma gyara ɗaya suka yi, ya isa ga duk abokan cinikinsu, har da ƙasashen da ba su kashe kuɗi ba. Abin ya yi kama da rigakafin sanƙarau: in an yi allura, ɗari ya wuce ba a yi annoba ba, ba za a ce allurar banza ce ba.

Game da Nijar, abu biyu suka haɗu. Inda kwamfuta ke da muhimmanci, wurare ne 'yan kaɗan da za a iya bi ɗaya bayan ɗaya. Sauran ƙasar kuwa ba ta dogara da ita ba. Manomi yana da hatsinsa a rumbu. Ɗan ci-rani yana aiko kuɗi ta hannun direba, ko ɗan garinsu mai komawa gida, ko ta gidan waya. Talauci ya zama garkuwa a wannan dare.

Yau fa?

Wannan garkuwar ta tafi. Yau aike daga Abijan ko Agadas ta Nita, Al Izza, Amana ko Airtel Money yake isowa cikin minti kaɗan. Albashi ta banki yake fita. Katin zaɓe, fasfo, rajistar layin waya, sakamakon jarrabawa, duk suna cikin kwamfuta. Ko kwanan haihuwa: dubban 'yan Nijar da takardarsu ta ce "né vers", wato an haife su wajajen shekara kaza, kwamfuta ba ta san wajajen ba, sai a cike musu 1 ga Janairu. Masu neman takardun zama a waje sun san irin wahalar da saɓanin lamba ɗaya ke jawowa tsakanin fasfo da takardar haihuwa.

Mun kuma ɗanɗana abin da tsayawar irin waɗannan hanyoyi ke nufi. A Agustan 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kuɗi suka yi wuyar samu a bankuna. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Côte d'Ivoire, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga matsala. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuskure ɗaya daga wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka ya tsayar da na'urori wajen miliyan 8 da rabi, filayen jirage da asibitoci suka tsaya cik.

Ƙwaron kwanan wata ma bai mutu ba. Ranar 1 ga Janairun 2010 katunan banki kusan miliyan 30 suka ƙi aiki a Jamus. Ranar 1 ga Janairun 2020 na'urorin biyan kuɗin ajiye mota na New York suka daina karɓar kati, su ma saboda lissafin kwanan wata.

Mene ne zancen 2038?

Na'urori da yawa ba sa ƙirga shekara, daƙiƙa suke ƙirgawa, tun daga 1 ga Janairun 1970. A tsofaffin na'urori, ma'aunin da ake zuba wannan ƙirga yana cika ne a kan 2,147,483,647. Zai cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4 da minti 14 na asuba agogon Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, na'urar da ba a gyara ba za ta koma Disambar 1901.

Sababbin wayoyi da kwamfutoci suna da babban ma'auni, ba ruwansu da wannan. Inda haɗarin yake shi ne na'urorin da ake kafawa a manta da su shekara ashirin: na famfunan ruwa, mitocin wuta, injinan asibiti, kayan sadarwa. Mu kuma ƙasa ce da ke sayen kayan hannu, abin da wasu suka gama da shi nan yake ƙarasa rayuwarsa. Kada kuma a ga kamar da nisa. Yaron da aka haifa a 2020 a wannan shekarar zai cika 18. Bashin shekara 15 da aka sa wa hannu a 2024 ya riga ya tsallaka wannan rana a lissafi.

Me ya rage gare mu?

Ga hukumomi da kamfanoni, darasin 1999 a fili yake: a san abin da aka mallaka, a riƙe takardun kowace manhaja, a horar da 'yan ƙasa da za su iya gyara ta bayan baƙo ya tafi. Magajin gari ko shugaban ƙungiyar manoma da za a kawo wa famfo mai aiki da hasken rana ko kwamfutar asibiti, yana da haƙƙin ya tambayi mai kawowa: wannan na'ura za ta wuce 2038? A sa amsar a cikin yarjejeniya.

Ga mu talakawa, abubuwan ba su da wuya. In za a rubuta takardar filin gona, ta bashi ko ta gado, a rubuta shekara da lambobinta huɗu. A duba kwanan haihuwa a takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa da fasfo, a tabbata sun yi daidai tun kafin buƙata ta taso. A yi wa jarirai rajista da wuri don su samu ranarsu ta gaskiya. Mai aike da mai karɓa su adana rasit da saƙon waya har kuɗi su shiga hannu. 'Yan'uwa na waje, kada ku dogara da hanya ɗaya tak ta aike, musamman gab da azumi, sallah ko lokacin shuka. In kuma wata rana kuka ji ana yaɗa cewa kuɗi za su ɓace a banki ranar kaza, ku bincika kafin ku ruga, don gudun jama'a ya fi ƙwaron kansa ɓarna.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda suka gyara na'urorinsu a 1998 da 1999 sun yi sahur cikin kwanciyar hankali ranar 1 ga Janairun 2000. Allah ya ba mu ikon yin namu shirin a kan lokaci.